Tambayoyin Tarko: Basira Suke Aunawa Ko Hadda?

An sayi caja da kebul ɗinta a kan naira 1,100. Cajar ta fi kebul ɗin tsada da naira 1,000. Nawa ne kuɗin kebul?

Duk wanda ke cikin zaurukan WhatsApp ko Telegram na masu koyon haɗa manhaja ya taɓa cin karo da irin wannan tambaya. Amsar da ke fara faɗo wa mutum a rai ita ce naira 100, kuma ba daidai ba ce. Idan kebul naira 100 ne, caja ta zama 1,100, jimilla 1,200 ke nan. Amsar gaskiya ita ce kebul naira 50, caja naira 1,050.

Asalin tambayar da dala aka yi ta, a kan ƙwallo da sandar buga ta. Tana cikin tambayoyi uku da Shane Frederick, malami a jami'ar MIT ta Amurka a wancan lokaci, ya wallafa a 2005. Ya gwada mutane sama da 3,400, yawancinsu ɗaliban jami'a. Kashi 33 cikin ɗari ba su ci ko ɗaya ba, kashi 17 ne kawai suka ci duka ukun. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan firamare ba. Abin da ke kayar da mutane shi ne amsar da ke zuwa da gudu, mai kama da gaskiya, wadda ba a tsaya an bincike ta ba.

Irin waɗannan tambayoyi suna da daɗi, kuma suna da amfani. Matsalar tana farawa ne daga lokacin da aka mayar da su ma'auni: a ce wanda ya ci shi ne mai ƙwaƙwalwa, wanda ya faɗi a sallame shi daga ganawar neman aiki. A nan ne ya kamata masu harkar fasaha su ja birki, domin manyan kamfanonin da suka yayata wannan al'ada sun daɗe da gano cewa ba ta kai su ko'ina ba.

Daga ina al'adar ta fito?

Wasa ƙwaƙwalwa da tambaya mai ɓoyayyen tarko tsohon abu ne. Labarin mutumin da zai tsallake kogi da kyarkeci da akuya da kabeji, alhali kwalekwalensa abu ɗaya kawai yake ɗauka ban da shi, yana cikin wani kundin tambayoyi da ake dangantawa da Alcuin na York, malamin da ya rasu a shekarar 804. A ƙasar Hausa ma yara sun tashi da kacici-kacici a dandali, inda wanda ya kasa yake ba da gari kafin a faɗa masa amsa. Babu wanda ya taɓa hana wani sana'a don ya ba da gari.

A 1967 wani likita ɗan ƙasar Malta, Edward de Bono, ya raɗa wa wannan salo sunan da za a iya fassarawa da tunani ta gefe. Manufarsa ita ce mutum ya daina haƙa rami ɗaya yana ƙara zurfi, ya gwada haƙawa a wani wurin. Hanyar samar da sababbin dabaru yake koyarwa. Bai kawo ta a matsayin jarrabawar tace mutane ba.

Kamfanonin fasaha ne suka mayar da ita jarrabawa. A shekarun 1990 Microsoft ta yi suna wajen tambayar masu neman aiki dalilin da ya sa murfin ramin magudanar ruwa da ke kan titi yake zagayayye. Abin ya yaɗu har William Poundstone ya rubuta littafi sukutum a kansa a 2003. Google ta ɗora daga nan, aka riƙa jin tambayoyi irin su ƙwallon golf nawa za su cika mota ko jirgi. Ƙananan kamfanoni a duniya suka kwaikwaya, don kowa na son a ce yana ɗaukar ma'aikata irin yadda manya ke yi.

Sai ga shi a watan Yunin 2013 Laszlo Bock, wanda ke shugabantar sashen ma'aikata na Google, ya faɗa wa jaridar New York Times cewa kamfanin ya duba bayanansa ya gano tambayoyin ɓata lokaci ne kawai. Ya ce ba sa nuna wanda zai iya aiki, babban amfaninsu shi ne sa mai tambayar ya ji kansa gwani. Abin da ya ce ya fi aiki shi ne ganawa mai tsari, inda ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a kan ayyukan da ya taɓa yi, a kuma auna amsoshin da ma'auni ɗaya. Tun a 1998 ma Frank Schmidt da John Hunter sun tattara binciken shekara 85 a kan ɗaukar ma'aikata, inda gwajin aiki na zahiri da ganawa mai tsari suka fito cikin hanyoyin da suka fi hasashen ƙwazon ma'aikaci.

Google ta bar hanyar, amma masu kwaikwayonta da yawa ba su samu labari ba.

Lahani uku

Lahani na farko shi ne tambayar tarko sau ɗaya take aiki. Wanda ya taɓa jin labarin murfin rami zai amsa cikin daƙiƙa biyar cewa zagayayyen murfi ba ya faɗawa cikin raminsa ko ta wane gefe aka juya shi. Wanda bai taɓa ji ba zai yi ta gumi. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne ɗaya ya karanta wani shafi a intanet daren jiya. Mai ɗaukar aiki yana zaton ya auna kaifin tunani, alhali hadda ya auna.

Na biyu, tambayoyin suna ɗauke da kayan ƙasar da aka ƙirƙire su. Matashin da ya koyi Python a wayarsa a Gusau ko Maraɗi, wanda bai taɓa riƙe ƙwallon golf ba, an riga an ci shi da rabi kafin ya buɗe baki. Da yawa daga cikin tambayoyin kuma wasa ne da kalmomin Turanci masu ma'ana biyu. Wanda Turanci harshensa na biyu ko na uku ne yana iya faɗuwa a kan kalma, ba a kan tunani ba. Da a ce za a juya, a yi wa injiniyan Kalifoniya kacici-kacicin Hausa da aka fassara masa kalma bayan kalma, shi ma gari zai bayar, kuma babu wanda zai ce bai iya aikinsa ba.

Na uku, kuma mafi muni, tambayar tarko tana hukunta ɗabi'ar da aikin haɗa manhaja ya fi buƙata. A ɗauki tambayoyin ilimin yau da kullum da ake yawo da su. Wane dutse ne mafi tsawo a duniya? Idan daga saman teku za a auna, Everest ne da mita 8,849. Idan daga gindinsa zuwa ƙololuwa ne, Mauna Kea na Hawaii ya zarce mita 10,000, sai dai fiye da rabinsa yana cikin teku. Idan kuma nisa daga tsakiyar duniya ake nufi, Chimborazo na ƙasar Ekwado ne, saboda duniya ta fi kumbura a tsakiyarta. Haka tambayar hamada mafi girma: Sahara ce idan hamada mai zafi ake nufi, Antatika ce idan ƙarancin saukar ruwa ne ma'aunin.

Mai tambayar tarko yana riƙe da amsa ɗaya a aljihu, yana jiran mutum ya faɗa rami. Amma amsar ƙwararren mai haɗa manhaja ita ce ya mayar da tambaya: daga ina za a auna? Duk wanda ya taɓa karɓar aiki daga mai shago da ya ce a haɗa masa manhajar da za ta nuna kayan da suka fi ciniki ya san haka. Fin ciniki ta yawan guda, ko ta kuɗin da suka shigo, ko ta riba? A wata ɗaya ko a shekara? Wanda ya yi saurin amsawa ba tare da ya tambaya ba shi ne zai ɓata mako biyu yana gina abin da ba a nema ba.

Abin da injuna suka tona

Zuwan ƙirƙirarriyar basira ya ƙara fito da wannan magana fili. A watan Fabrairun 2011 kwamfutar Watson ta IBM ta doke Ken Jennings da Brad Rutter, zakarun gasar tambayoyi ta Jeopardy a Amurka. A cikin gasar kuma aka yi tambaya a rukunin biranen Amurka, Watson ta amsa da Toronto, birnin da ke Kanada, alhali amsar Chicago ce. Injin da ya fi kowa tara bayanai ya yi kuskuren da ɗan sakandaren Amurka ba zai yi ba.

Bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022, mutane sun riƙa jefa wa irin waɗannan manhajoji shahararrun tambayoyin tarko, suna cinyewa. Dalili a bayyane yake: tambayoyin da amsoshinsu suna warwatse a dubban shafukan da aka horar da su a kai. Sai masu gwaji suka fara sauya tambayoyin kaɗan. Akwai tsohuwar tambayar yaron da ya yi hatsari da mahaifinsa, uban ya rasu, likitan tiyata ya ce ba zai iya yi masa aiki ba don ɗansa ne, amsar ita ce likitan mahaifiyarsa ce. Da aka sake rubuta ta, aka faɗa ƙarara cewa likitan shi ne mahaifin yaron, an ga manhajoji da dama sun ci gaba da cewa mahaifiyarsa ce. Da aka ce mutum ne da akuya kaɗai za su tsallake kogi, ba kyarkeci ba kabeji, wasu sun tsara zirga-zirga sau da yawa a inda tafiya ɗaya ta isa.

A watan Oktoban 2024 masu bincike a kamfanin Apple sun gwada wannan a tsanake da tambayoyin lissafin makaranta. Sauya lambobi kawai ya rage ƙoƙarin manhajojin, ƙara jimla ɗaya da ba ta da alaƙa da lissafin kuma ya jawo faɗuwar da ta kai kashi 65 cikin ɗari a wasunsu. Sababbin samfura sun gyara da yawa daga waɗannan kurakurai, amma darasin yana nan. Cin tambayar da aka sani ba ya tabbatar da fahimta. Abin da ke tona asiri shi ne tambayar da aka taɓa wa gyara kaɗan. Idan wannan gaskiya ne a kan inji, gaskiya ne a kan mai neman aikin da ya kwana yana haddace amsoshi ɗari.

Hujjar masu kare tambayoyin

Masu goyon bayan tambayoyin tarko suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su. A 1942 jaridar Daily Telegraph ta Ingila ta shirya gasar cike gurbin kalmomi cikin ƙasa da minti 12, daga baya hukumomin yaƙi suka tuntuɓi wasu daga cikin waɗanda suka yi fice, wasu suka ƙare a Bletchley Park inda ake warware saƙonnin sirrin Jamus. A 2004 Google ta kafa allon talla a bakin babbar hanya a Kalifoniya ɗauke da tambayar lissafi, wadda amsarta adireshin shafin intanet ne da ke kai mutum ga neman aiki. Ashe ke nan wasan ƙwaƙwalwa yana zaƙulo gwanaye.

Amma a duba waɗannan misalai da kyau. Warware saƙon sirri aiki ne na harhaɗa haruffa da hasashen kalma daga guntun bayani, wato ɗan'uwan cike gurbin kalmomi ne. Tambayar allon Google kuma ta nemi a nemo lambar farko mai lambobi goma, wadda ba ta rabuwa sai da kanta da ɗaya, a cikin jerin lambobin e. Hanya mafi sauƙi ta samun amsar ita ce mutum ya zauna ya rubuta ƙaramar manhaja. Duka biyun gwajin aiki ne da aka yi wa kwalliyar wasa. Babu tarko a cikinsu, babu kalma mai fuska biyu, kuma hadda ba ta fitar da mutum.

Hujja ta biyu ita ce wai ba amsar ake nema ba, yadda mutum ke tunani ake son gani. Idan haka ne, me zai hana a ba shi matsala daga cikin aikin da za a ɗauke shi ya yi? Manhajar da ke lissafa kuɗin kaya tana ba da jimillar da ba daidai ba, a ce ya nemo dalili yana bayani da baki. A nan za a ga tunaninsa sarai, kuma a kan abin da ya shafi kamfanin.

Inda amfaninsu yake

Duk wannan ba ya nufin a watsar da tambayoyin. Kowace tambayar tarko mai kyau tana koyar da abu ɗaya: akwai wani zato da mutum ya shigo da shi wanda babu wanda ya faɗa masa. Nemo irin wannan zato shi ne rabin aikin gyaran manhaja.

Ranar 4 ga Yunin 1996 rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta na farko daga Kourou, ɗauke da taurarin ɗan'adam huɗu. Binciken da aka yi ya gano cewa an ɗauko wani ɓangaren manhaja daga tsohuwar roka Ariane 4. A cikinsa ana tura wata lamba mai faɗin bit 64 zuwa ma'aji mai bit 16, wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. A tsohuwar rokar lambar ba ta taɓa kaiwa can ba. Sabuwar ta fi saurin tafiya a kwance, lambar ta yi ambaliya, kwamfutar ta tsaya. Kwamfutar ko-ta-kwana ma manhaja iri ɗaya take gudanarwa, don haka ita ma ta tsaya. Amsar da ta yi daidai a tsohuwar tambaya aka kawo wa tambayar da ta riga ta sauya, tamkar manhajar da ke cewa likitan mahaifiyar yaro ce bayan an faɗa mata uba ne.

A 1999 kuma NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani ɓangare na manhajar yana fitar da lissafin ƙarfi da ma'aunin fam na Amurka, ɗaya ɓangaren yana karɓa a matsayin ma'aunin newton. Babu wanda ya tsaya ya yi tambayar dutsen Everest: da wane ma'auni ake magana?

Akwai kuma darasin da ya fi dacewa da mai kwamfuta a gabansa. A 1990 Marilyn vos Savant ta amsa wata tambaya a mujallar Parade: ƙofofi uku, mota a bayan ɗaya, awaki a bayan biyu. Mutum ya zaɓi ƙofa, mai gabatarwa da ya san inda motar take ya buɗe wata ƙofar mai akuya, sannan ya ba shi damar sauyawa. Ta ce ya sauya, domin damarsa za ta tashi daga ɗaya cikin uku zuwa biyu cikin uku. Wasiƙu kusan 10,000 suka zo mata, kusan 1,000 daga masu digirin digirgir, yawancinsu suna cewa ta yi kuskure. Ita ce mai gaskiya. Zaɓin farko yana daidai sau ɗaya ne cikin uku, sauran biyun motar tana wata ƙofar, kuma mai gabatarwa ya riga ya cire wadda babu komai. An ruwaito cewa shahararren masanin lissafi Paul Erdős ma bai gamsu ba sai da aka nuna masa gwajin a kwamfuta.

Wannan gwaji bai wuce layi ashirin a Python ba. A ɓoye motar a ƙofar da aka zaɓa da ka, a maimaita wasan sau 100,000, a ƙirga. Mai tsayawa zai ci kusan kashi 33, mai sauyawa kusan kashi 67. Daga nan sai a sauya sharaɗi ɗaya: mai gabatarwa bai san inda motar take ba, ya buɗe ƙofa da ka, a ƙirga lokutan da akuya ta fito kawai. Sakamakon zai koma rabi da rabi. Wanda ya yi wannan da hannunsa ya koyi abin da haddace amsa ba za ta taɓa ba shi ba, wato sanin wane sharaɗi ne ke riƙe da amsar.

Abin da ya kamata a yi

Ga masu ɗaukar aiki, ko da kamfanin mutum uku ne a ɗaki ɗaya: a ajiye tambayoyin tarko. A ba mai nema ƙaramin aiki irin wanda zai riƙa yi, a bar shi ya duba intanet kamar yadda zai yi a ranar aiki, a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, a kuma ba da maki ga wanda ya nemi ƙarin bayani kafin ya fara. Kamfanin da ya sallami mai iya aiki don bai san labarin murfin rami ba, kansa ya cuta.

Ga masu koyo: lokacin da ake kashewa wajen haddace amsoshi ya fi amfani idan aka kashe shi a kan tambaya ɗaya ta hanyoyi uku. A faɗi zaton da ya jawo kuskuren da baki. A sauya sharaɗi ɗaya a ga ko amsar za ta tsaya. Idan abin na ƙirge ne, a rubuta manhajar da za ta gwada shi. Haka kuma duk wanda ke dogaro da ƙirƙirarriyar basira wajen aiki ko karatu ya riƙa yi mata wannan gwajin: ya sauya tambayar kaɗan ya ga ko amsar ta bi sauyin.

Ga masu tura tambayoyin a zauruka kuma, amsa kaɗai ba ta isa ba. Wanda ya rubuta naira 50 ya tafi bai koya wa kowa komai ba. Wanda ya nuna dalilin da ya sa naira 100 ke fara zuwa a rai, da yadda za a kama kuskuren ta hanyar mayar da amsar cikin tambayar a sake tarawa, shi ne ya bar wa 'yan zauren abin da za su yi amfani da shi ranar da jimillar manhajarsu ta ƙi daidaita da kuɗin da ke cikin aljihun mai shago.